Darasi na 12: Suna Ɗaya, Wasa Daban: Gem a Na'urar Girke, ta Hannu da Kwamfuta

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bambance manyan na'urori uku da ake buga gem a kansu.
2. Bayyana dalilan da ke sa wasa mai suna ɗaya ya sauya kama daga wannan na'ura zuwa waccan.
3. Duba kwalin wasa ya gane ko zai yi a na'urarsa, kuma ko ya dace da shekarun mai bugawa.
4. Zaɓar na'urar da ta dace da aljihunsa, da wutar gidansa, da buƙatarsa.

Gabatarwa

Gem ya daɗe da zama ɗan gida a garuruwanmu. A Kano ko Kaduna, a Maraɗi ko Damagaram, da wuya mutum ya ratsa unguwa da yamma bai ji ihun samari daga wani shago ba, an ci ƙwallo a talabijin. Yawancinmu manya daga nesa muke kallon abin, mun ɗauke shi wasan yara. Amma ranar da yaro ya matsa a saya masa, ko ƙane ya zo neman jarin buɗe gidan gem, ko aka kai wa mai gyara kwamfuta ana cewa wasa ya ƙi tashi, ranar ce rashin sani ke cin kuɗi. Wani zai sayo faifai mai tsada, ya zo gida ya tarar ba na na'urarsa ba ne. Wani kuma nasa zai tashi, amma abin da ke fitowa a allo bai kama ƙafar wanda ya gani a wurin abokinsa ba, alhali sunan da ke jikin kwalin ɗaya ne.

Dalili kuwa shi ne, kowane wasa ana gina shi ne gwargwadon na'urar da zai zauna a kanta. Ƙarfinta, wutar da take sha, abin da ake riƙewa a hannu, da wurin da ake zama a buga, su ke yanke yadda wasan zai fito. Wanda ya gane wannan zai san abin da ya kamata ya tambaya kafin ya ciro kuɗinsa.

1. Na'urori Uku

(a) Na'urar girke

Ita ce wadda ake girkewa wuri ɗaya, a jona ta da talabijin, a riƙe madanni a hannu, wanda samari ke ce wa fad. Wadda aka fi sani a wurinmu ita ce PlayStation, ko PS a taƙaice.

Ta farko da aka sayar don amfanin gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972, ƙirar wani injiniya mai suna Ralph Baer. Ba ta da sauti, ba ta da launi, 'yan ɗigon haske ne kawai ke kai da komo a allo. Atari 2600 ta 1977 ce ta yaɗa tsarin kaset, wato ka cire wasa ka sa wani. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Famicom, wadda wasan Super Mario Bros. na 1985 ya ɗaga sunanta, kuma kwaikwayonta masu araha sun shiga gidaje da yawa a ƙasashenmu. Sony ya shigo fagen da PlayStation a 1994. PS2 da ta biyo baya a 2000 an sayar da fiye da miliyan 155. Microsoft ya zo da Xbox a 2001. A Nuwamban 2020 ne PS5 da Xbox Series suka fito.

Babban halin na'urar girke shi ne kayan cikinta ba sa sauyawa. Mai gina wasan PS5 ya san ƙarfin da zai tarar a gidan kowane mai saye, daga Tokyo har Katsina.

(b) Na'urar hannu

Wannan ta haɗa komai a jikinta: allo, madanni, lasifika da batir. Wadda ta kafa tarihi ita ce Game Boy ta Nintendo, a 1989. Injiniyan da ya jagoranci ƙirarta, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi allo mara launi, domin batir ya daɗe kuma farashi ya sauka. Da batir huɗu takan yi fiye da awa goma. Kishiyarta, Game Gear ta kamfanin Sega, ta fito a 1990 da allo mai launi da haske, amma tana shanye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Kasuwa ta yanke hukunci: Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da kimanin miliyan 118, Game Gear kuwa ba ta wuce miliyan 11 ba. Mai saye ya fifita wadda za ta raka shi har ƙarshen tafiya a kan wadda ta fi kyan gani.

Daga baya Nintendo DS mai allo biyu da PSP ta Sony suka fito a 2004. A 2017 Nintendo Switch ta zo da tsari biyu: a riƙe ta a hannu, ko a ɗora ta a mazauninta ta koma ta talabijin. A 2022 kamfanin Valve ya fito da Steam Deck, wadda a gaskiya ƙaramar kwamfuta ce a siffar na'urar hannu.

(c) Kwamfuta

A kwamfuta gem ya fara tun kafin ya shiga gidaje. Tun a 1962 wasu masu bincike a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka suka rubuta wasan Spacewar! a kan wata ƙatuwar kwamfuta. Ita kwamfuta ba don wasa kaɗai aka yi ta ba. Ana rubutu da ita, ana lissafi, ana zane. Kuma kowace da nata kayan ciki: wannan tana da ƙwaƙwalwa mai sauri, waccan tsohuwa ce, wannan tana da katin hoto na musamman, waccan babu.

Mai gina wasan na'urar girke kamar tela ne da ya auna mutum ɗaya ya ɗinka masa riga daidai jikinsa. Mai gina wasan kwamfuta kuwa ɗinkin kasuwa yake yi, bai san wa zai saka ba, dole ya bar wurin ragewa da ƙarawa. Shi ya sa wasan kwamfuta ke zuwa da jerin zaɓi na rage inuwa, rage kaifin hoto, ko ƙara su, tare da bayanin ƙaramin ƙarfin da kwamfuta ke buƙata kafin wasan ya tashi.

2. Abubuwa Shida da ke Sauya Wasa

(a) Ƙarfin na'ura

Hoton da muke gani a allo tarin ƙananan ɗigo ne. Allon Game Boy ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, wato 23,040 gaba ɗaya. Hoton da ake kira 1080p ɗigo 1,920 ne sau 1,080, fiye da miliyan biyu ke nan. Wanda ake kira 4K ya ninka wannan sau huɗu. A fim, hoton a shirye yake, nunawa kawai ake yi. A gem kuwa na'ura ce ke zana kowane hoto nan take, gwargwadon abin da mai wasa ya danna, kuma tana yin haka sau 30 ko sau 60 a kowace daƙiƙa. Idan aikin ya fi ƙarfinta sai motsi ya riƙa sarƙewa, abin da masu wasa ke cewa gem na cijewa.

Akwai kuma ma'ajin aiki, wanda ake kira RAM, inda na'ura ke ajiye abin da take amfani da shi a lokacin. PlayStation ta farko megabait 2 gare ta, PS2 megabait 32, PS4 gigabait 8, PS5 gigabait 16. Switch ta 2017 gigabait 4 ce. Wannan ne ke yanke yawan mutane, motoci da gine-ginen da za a iya nunawa lokaci guda.

Misali: wasan The Witcher 3, na wani kamfanin ƙasar Poland, ya fito a 2015 a kwamfuta, PS4 da Xbox One. Sai a 2019 aka kai shi Switch. Labarin bai ragu ba, ƙasar da ake yawo a cikinta ma ba ta ragu ba, amma an rage ciyawa da inuwa da kaifin fuskoki, kuma idan an riƙe na'urar a hannu hoton layi 540 ne, rabin na 1080p.

(b) Wuta da zafi

Duk na'urar da ta yi aiki mai nauyi za ta sha wuta, kuma za ta yi zafi. PS5 kan sha kimanin wat 200 a tsakiyar wasa mai nauyi, shi ya sa aka yi ta ƙatuwa da babbar fanka a ciki. Kwamfutar wasa mai ƙarfi na iya ninka wannan. Switch kuwa ba ta kai wat 20. Na'urar da ke tafin hannu ba zai yiwu ta ƙona mai riƙe da ita ba, kuma batirinta ba zai yiwu ya ƙare cikin rabin awa ba. Don haka Switch da kanta take rage gudun aikinta da zarar an cire ta daga mazauninta. A talabijin tana iya kaiwa 1080p, a hannu kuwa allonta 720p ne. Kaset ɗaya, na'ura ɗaya, amma hoto iri biyu.

(c) Abin da ake zuba wasan a ciki

A tsakiyar shekarun 1990 Nintendo 64 ta tsaya a kan kaset, PlayStation ta kama faifan CD. Kaset na buɗe wasa nan take, ga ƙarko, amma mafi girmansa megabait 64 yake ɗauka kuma yana da tsadar ƙerawa. Faifai ɗaya na ɗaukar kusan ninki goma na wannan, ga araha, sai dai akwai jiran lodi. Wannan bambanci ya sa kamfanin Square, wanda ya yi shekara da shekaru yana tare da Nintendo, ya kai Final Fantasy VII wurin Sony a 1997, a faifai uku cike da bidiyo da kiɗa. Wasan Resident Evil 2 faifai biyu ne a PlayStation. Da aka kai shi Nintendo 64 a 1999, sai da aka matse bidiyonsa da sautinsa suka shiga kaset ɗaya.

A yau yawancin wasanni saukewa ake yi daga intanet. A kwamfuta babbar kasuwar ita ce Steam, wadda Valve ya buɗe a 2003. Wasu manyan wasanni sun haura gigabait 100.

(d) Abin da ke hannun mai wasa

Wannan shi ne bambancin da ya fi shiga cikin jinin wasa. Linzamin kwamfuta na kai kibiya duk inda ake so cikin ƙiftawar ido, allon madannai kuma yana da maɓallai kusan ɗari. Shi ya sa wasannin tsara yaƙi da mulkin gari, irin su Age of Empires na 1997 da StarCraft na 1998, inda mutum ke zaɓar runduna ya aika nan ya aika can, suka yi gida a kwamfuta.

Fad kuwa maɓallansa kaɗan ne, amma yana da ƙananan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa, masu gane turawa kaɗan da turawa sosai. Ya fi daɗi wajen tuƙi, ƙwallo, dambe da tsalle-tsalle. Inda yake da rauni shi ne saiti. Don haka masu gina wasannin harbi na na'urar girke, kamar Halo na Xbox a 2001, suka sa wani taimako a ɓoye: idan saitinka ya zo kusa da abokin gaba sai wasan ya ɗan rage gudunsa ko ya ɗan ja shi zuwa gare shi. Yanzu da ake haɗa masu fad da masu linzami a fili ɗaya ta intanet, kamar yadda Fortnite ya yaɗa tun 2018, wannan taimako ya zama abin gardama, kowane ɓangare na ganin an fifita ɗaya.

Nintendo DS ta zo da allon taɓawa da ɗan alƙalami. Wasan da aka gina a kan zane da alƙalami ba shi da yadda zai koma fad ba tare da an sake tunaninsa daga tushe ba.

(e) Wurin zama da lokaci

Mai na'urar girke yana zaune ne nesa da talabijin, sau da yawa tare da wasu. Dole rubutu ya zama manya-manya, kuma wasannin mutum biyu ko huɗu a allo ɗaya su samu kasuwa. Mai kwamfuta shi kaɗai ne, fuskarsa dab da allo, zai iya karanta ƙananan rubutu da dogayen jadawali. Mai na'urar hannu kuwa yana mota ne ko yana layi, ana iya kiransa kowane lokaci. Wasansa na buƙatar gajerun zango da damar tsayawa nan take. A DS, rufe murfin kawai ya isa wasa ya dakata.

Shi ya sa Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a kwamfuta a Mosko a 1984, ya samu babbar ɗaukaka a Game Boy: minti biyar sun isa zagaye ɗaya. Pokémon na 1996 kuwa an gina shi ne a kan cewa yara za su fita da na'urorinsu su haɗu. An fitar da shi kaset iri biyu, kowane da halittun da babu a ɗayan, sai ka jona na'urarka da ta abokinka da waya kun yi musaya.

(f) Manufar kamfani

Wani bambancin ba ruwansa da ƙarfin inji, shawarar masu kamfani ce. A 1993 wasan faɗa na Mortal Kombat ya fito a Super Nintendo da Mega Drive ta Sega. Nintendo ya sa aka cire jini aka mai da shi gumi, Sega kuwa ya bari ana buɗe jinin da wasu maɓallan sirri. Cece-kucen da ya biyo baya har zauren majalisar dattawan Amurka ya kai, kuma a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru.

A wannan shekarar ta 1993 an fitar da wasan Aladdin a na'urorin biyu, amma kamfanoni biyu ne suka gina: Virgin ya yi na Mega Drive, inda jarumin ke riƙe da takobi, Capcom ya yi na Super Nintendo, inda ba shi da takobi, sai tsalle a kan abokan gaba da jifa da tuffa. Fim ɗaya aka ɗauko, suna ɗaya aka sa, wasanni biyu ne mabambanta.

Kamfanoni kuma kan riƙe wasu wasanni don jan masu saye. Manyan wasannin Mario da Zelda a na'urorin Nintendo ake samun su. Sannan akwai kuɗin wata: a PS4, PS5 da Switch, yawancin wasannin da aka saya sai an yi rajista ana biya kafin a kara da wasu ta intanet, alhali a kwamfuta galibi data kawai ake buƙata.

3. 'Yanci da Wahalar Kwamfuta

Na'urar girke a kulle take, sai abin da kamfani ya amince ke shiga. Kwamfuta a buɗe take, masu wasa na iya buɗe cikin wasa su yi masa kwaskwarima. Doom na 1993 an tsara shi yadda kowa zai iya ƙara masa sababbin filaye. Counter-Strike, wanda yanzu ake gasar duniya a kansa, kwaskwarima ce da wasu matasa biyu suka yi wa Half-Life a 1999. Minecraft, wanda Markus Persson na ƙasar Sweden ya fara a 2009, har yau iri biyu ne: Java na kwamfuta, mai sauƙin kwaskwarima, da Bedrock mai haɗa na'urar girke, waya da kwamfuta a fili ɗaya. Mai Java da mai Bedrock ba sa haɗuwa kai tsaye.

Amma yawan nau'in kwamfuta na kawo matsala. A 2015 an dakatar da sayar da Batman: Arkham Knight na kwamfuta na wasu watanni saboda cijewa, alhali a PS4 lafiya lau yake tafiya. Abin kan juya kuma. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020, yana tafiya da dama a kwamfuta mai ƙarfi, amma a PS4 ya munana har Sony ya cire shi daga kasuwarsa, bai dawo ba sai a Yunin 2021. Wasa yakan fi kyau a na'urar da aka fara gina shi dominta.

4. Wayar Hannu

Na'urar wasan da ta fi yawa a ƙasashenmu ita ce waya. Da yawa daga cikinmu sun fara ne da wasan maciji na Nokia. Waya ba ta da maɓallan wasa, yatsu ne ke rufe wani ɓangare na allo, ga zafi, ga batir. Don haka ake sauƙaƙa komai. PUBG na kwamfuta, na 2017, mutum 100 ke shiga fili, zagaye kan kai rabin awa. Free Fire, wanda aka gina don ƙananan wayoyi, mutum 50 ne, zagayen kuma kimanin minti goma.

Hanyar samun kuɗi ma daban ce. Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, sannan a riƙa tallata wa mai wasa riguna, makamai da 'yan ƙwallo na saye. Duk wanda ya jona katin bankinsa da wayar da yara ke taɓawa, ya sa kalmar sirri a kan saye.

5. Abin Lura Kafin Saye

Wasan ƙwallo shi ne ƙashin bayan gidajen gem namu, don haka da shi za mu yi misali. Na kamfanin Konami, wanda aka sani da PES, ya koma eFootball a 2021. Na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA, ya koma EA Sports FC a 2023. Na ƙarshe da kamfanonin suka fitar wa PS2 su ne PES 2014 da FIFA 14. Saboda haka duk faifan PS2 da aka gani a kasuwa da sunan shekarar bana, tsohon wasa ne da wasu suka sauya wa sunayen 'yan wasa da riguna. Su kansu kamfanonin sun yi makamancin haka a fili: FIFA 20 zuwa FIFA 23 na Switch an rubuta musu Legacy Edition, ma'ana 'yan wasa da riguna sababbi ne, amma tsarin wasan na da ne.

Ga tambayoyin da ya kamata mai saye ya yi:

1. Na wace na'ura ne? Sunanta na saman kwalin. PS5 na karɓar kusan duk wasannin PS4, amma PS4 ba ta karɓar na PS5.
2. Tana cin faifai? Xbox Series S da wani nau'in PS5 ba su da wurin sa faifai, komai sai an sauke. A inda data ke da tsada, araharsu na iya komawa tsada.
3. Wace wuta take so? Amurka bolt 120 take amfani da shi, Japan bolt 100, mu kuwa 220 zuwa 240. A karanta rubutun da ke bayan na'ura ko jikin cajarta. Tsohuwar na'urar da aka rubuta wa 120 kaɗai tana buƙatar tiransifomar rage wuta, in ba haka ba za ta ƙone.
4. Wutar gidan za ta ɗauke ta? Mai ƙaramin sola zai iya riƙe na'urar hannu ko laftof cikin sauƙi. Mai gidan gem kuwa ya lissafa wat ɗin kowace na'ura da talabijin ɗinta kafin ya sayi janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ajiye wasa na iya lalata ajiyar.
5. Ina za a ajiye ta? Ƙura da zafi su ne manyan abokan gaban na'urar girke da kwamfuta, musamman da hunturu da bazara. A ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata wurin shan iska, a riƙa share ƙofofin fankarta.
6. In kwamfuta ce, ta kai ƙarfin da aka rubuta? A gwada RAM da katin hotonta da abin da wasan ya nema. Laftof ɗin ofis na iya zama sabo fil amma ya kasa wasa mai nauyi, don ba shi da katin hoto na musamman.
7. Na shekara nawa ne? Kwalayen Turai na ɗauke da lambar PEGI: 3, 7, 12, 16 ko 18. FIFA 23 na da 3, Grand Theft Auto V na da 18. Na Amurka haruffa ne: E na kowa, T na matasa, M na 'yan shekara 17 zuwa sama. Wannan alama ce ta abin da ke cikin wasan, kamar zubar da jini ko batsa, ba ta wahalarsa ba. Hakkin iyaye ne da masu gidajen gem su duba ta, kamar yadda hakkinsu ne su tsare lokacin sallah, makaranta da barci.

Taƙaitawa

Na'urar girke tana ba da sauƙi da tabbaci: a jona, a kunna, a buga tare da jama'a. Ta hannu tana ba da 'yancin tafiya da ƙarancin shan wuta, amma ana biyan wannan da raguwar hoto. Kwamfuta tana ba da ƙarfi, zaɓi da damar yin wasu ayyuka, amma tana neman ilimi da kulawa. Wasa kan sauya tsakaninsu saboda ƙarfin na'ura, wuta da zafi, ma'ajin wasa, abin riƙewa, wurin zama da manufar kamfani. Sunan wasa kaɗai bai isa a yi ciniki a kansa ba. A haɗa da sunan na'ura, da nau'in fitowar, da alamar shekaru.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin na'urar girke da kwamfuta ta fuskar mai gina wasa.
2. Me ya sa Game Boy ta fi Game Gear kasuwa duk da allonta ba shi da launi?
3. Me ke sa hoton Switch ya ragu idan an cire ta daga mazauninta?
4. Wane dalili ya kai Final Fantasy VII PlayStation a 1997?
5. Bayyana taimakon saiti da ake sa wa masu fad, da dalilin sa shi.
6. Wane darasi ke cikin labarin Batman: Arkham Knight da Cyberpunk 2077?
7. Mene ne amfanin lambar PEGI ga iyaye?

Aikin Aji

Ku kasu rukuni uku. Rukuni na farko zai ba da shawara ga mai son buɗe gidan gem da na'ura huɗu a unguwar da wuta ba ta zama. Na biyu zai ba da shawara ga uwar da ke son saya wa ɗanta mai shekara tara abin wasa. Na uku zai ba da shawara ga ɗalibin da ke son na'ura ɗaya ta karatu da wasa. Kowane rukuni ya faɗi na'urar da ya zaɓa da dalilai uku daga cikin darasin.

Aikin Gida

Ziyarci gidan gem ko shagon sayar da na'urori mafi kusa da kai. Nemi izinin mai wurin ka duba kwalin wasa ɗaya da bayan na'ura ɗaya. Rubuta sunan wasan, na'urar da aka yi shi dominta, alamar shekarunsa, da ƙarfin wutar da na'urar ke buƙata. Tambayi mai wurin matsalar da ta fi damun na'urorinsa da yadda yake magance ta, ka kawo amsar aji a darasi na gaba.